Yadda abinci ke fayyace halayen taurari a fina-finan zane na Japan

A farkon fim ɗin Spirited Away, wanda darakta Hayao Miyazaki ya fitar a 2001, wata yarinya 'yar shekara 10 mai suna Chihiro da iyayenta sun yi ɓatan kai a hanyarsu ta zuwa sabon gidansu, suka faɗa wani gari da babu kowa a cikinsa. A wata rumfa suka tarar da abinci jibge yana ta tururi, mai shi kuwa ba ya nan. Iyayen suka zauna suka fara ci. Da yarinyar ta nuna fargaba, sai uban ya ce ta kwantar da hankalinta, yana da kuɗi da katin banki, in mai rumfar ya dawo za su biya. Ita dai ta ƙi taɓa komai, ta fita yawonta. Da almuru ta dawo, ta tarar iyayen sun rikiɗe sun zama aladu, suna ci gaba da handama.

A cikin waɗannan 'yan mintoci mai kallo ya riga ya san mutum uku ba tare da an tsaya yi masa bayani ba: uba mai ganin kuɗi na buɗe kowace ƙofa, uwa mai bin abin da ranta ke so, da yarinya matsoraciya wadda tsoron nata ya tserar da ita. Wannan dabara ta nuna hali ta hanyar abinci ta zama ruwan dare a fina-finan zane na Japan, waɗanda aka fi sani da anime, kuma waɗanda matasa a Najeriya ke ƙara kallo a wayoyinsu. Masu shirya su kan yi amfani da abubuwa uku: abin da tauraro ya fi son ci, yadda yake kai loma, da kuma wanda yake yarda ya ci tare da shi.

Babu kwanon da ke shiga hoto da kansa

A fim ɗin da ake ɗauka da kyamara, kofin shayi na iya fitowa a hoto don kawai yana ajiye a kan tebur. A fim ɗin zane kuwa, sai wani ya zauna ya zana kofin, ya zana tururin da ke tashi daga cikinsa, wani kuma ya sa masa launi. Daƙiƙa ɗaya ta fim na ɗauke da hotuna 24, amma kamfanonin Japan masu yi wa talabijin aiki kan taƙaita da zane takwas ko 12 a daƙiƙa don rage kashe kuɗi, al'adar da ta kafu tun 1963, lokacin da Osamu Tezuka ya fara fitar da shirin Astro Boy mako-mako. Cin abinci yana cikin abubuwa masu wuyar zanawa, domin hannu na motsi, baki na motsi, abin da ke cikin kwano kuma yana raguwa. Idan kamfanin da ke ƙirga kowane zane ya ɓata lokaci a kan mutum yana cin shinkafa, akwai abin da yake son a gani.

Dalili na biyu yana cikin al'adun ƙasar. Japanawa kan faɗi kalmar itadakimasu kafin su fara ci, wadda ke nuna karɓa cikin ƙanƙan da kai, su kuma faɗi gochisosama bayan sun gama, a matsayin godiya ga wanda ya wahala ya dafa. A makarantun firamare, ɗalibai ne ke raba wa junansu abincin rana a cikin aji, su kwashe kwanuka idan an gama. A 2005 ƙasar ta kafa doka ta musamman kan ilimantar da jama'a game da abinci, sannan a 2013 hukumar UNESCO ta sanya washoku, wato tsarin girkin gargajiyar Japan, cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Mai kallon da ya tashi a irin wannan tarbiyya yana saurin lura da wanda ya bar saura a kwano, ko wanda ya ci bai gode ba.

Na uku shi ne yawan taurari. Shirin da ya ɗauki shekaru ana yinsa yana iya tara mutane ɗaruruwa, kowanne kuma yana bukatar alamar da za a riƙa gane shi da ita. Shi ya sa littattafan bayanan taurari da kamfanoni ke bugawa kan lissafa abincin da kowane tauraro ya fi so, kamar yadda suke lissafa ranar haihuwarsa da tsawonsa.

Abin da tauraro ya fi so

Misali mafi shahara shi ne Naruto, labarin da Masashi Kishimoto ya fara zanawa a 1999, aka mayar da shi shirin talabijin a 2002. Naruto maraya ne da mutanen garinsu ke ƙyama, saboda wata dila mai jela tara da ta taɓa yi musu ɓarna, aka kulle ta a cikin jikinsa tun yana jariri. Abincinsa shi ne ramen, wato taliya cikin romo mai zafi. A ɗakinsa yakan ci ta kofi, wadda ruwan zafi kawai ake zuba wa, har da madarar da ta lalace, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa babu mai dafa masa. A rumfar Ichiraku ne yake samun ta gaske, inda mai rumfar ke karɓarsa kamar kowane yaro. A kashi na farko na shirin, malaminsa Iruka, wanda dilar nan ce ta kashe iyayensa, ya sa Naruto ya wanke fentin da ya shafa wa siffofin shugabannin garin, sannan ya kai shi wannan rumfa ya saya masa kwano. Daga nan ramen ta zama abin da ke tuna masa mutum na farko da ya zauna kusa da shi. Sunansa ma yana da alaƙa da narutomaki, wani yankan kifi da aka sarrafa mai zanen ƙawanya a tsakiya, da ake ɗorawa a kan ramen.

A shirin Death Note na 2006, an yi amfani da abinci don gina mutum mai wuyar fahimta. Mai binciken laifuka da ake kira L shi ne mafi kaifin basira a duniyar labarin, amma ba a ganin sa yana cin komai sai kayan zaƙi: kek, alewa, da ƙwayoyin sukari da yake jerawa ɗaya kan ɗaya yayin da yake tunani. Hujjarsa ita ce mai aiki da ƙwaƙwalwa ba ya ƙiba. Abin da mai kallo ke gani shi ne babban mutum mai kwaɗayin yara, wanda ba ya son a kayar da shi a wasa, ko da wasan na rayukan mutane ne. Aljanin mutuwa Ryuk, shi kuma, tuffa ce jarabarsa, yana cin ta yana kallon mutane suna hallaka juna, domin a wurinsa duka nishaɗi ne.

Akira Toriyama, wanda ya ƙirƙiro Dragon Ball a 1984 kuma ya rasu a 2024, ya shigar da abinci har cikin sunaye. Gohan na nufin dafaffiyar shinkafa ko abinci baki ɗaya. Sunan ƙabilar mayaƙan Saiya an samo shi ne daga juya kalmar yasai, wato kayan lambu, shi ya sa aka samo sunan Kakarot daga karas, na Vegeta kuma daga kalmar Turanci ta kayan lambu. Manyan mayaƙa masu rusa duniyoyi suna ɗauke da sunayen kayan miya, kuma hakan na sanar da mai kallo cewa labarin bai ɗauki kansa da zafi ba.

Yadda ake kai loma

Yawan ci ba ya nufin abu ɗaya a waɗannan fina-finai. Goku na Dragon Ball da Luffy na One Piece duk acici ne, sukan tara kwanuka kamar tsauni. Amma ana zana su suna ci a bainar jama'a, suna dariya, baki cike, ba sa ɓoye komai. Cin nasu alama ce ta ƙarfin jiki da zuciyar da ba ta da ƙunbiya-ƙunbiya. Haka aka gabatar da Rengoku a fim ɗin Demon Slayer: Mugen Train na 2020, wanda a watan Disambar shekarar ya ƙwace wa Spirited Away matsayin fim mafi kawo kuɗi a Japan. An fara ganin sa ne a cikin jirgin ƙasa, yana cinye akwatunan abinci ɗaya bayan ɗaya, yana santi da babbar murya a kowace loma. Kafin ya zare takobi, an riga an san shi mutum ne mai yin komai da zuciya ɗaya.

A Spirited Away akwai wani cin na daban. Kaonashi, wato marar fuska, inuwa ce mai sanye da abin rufe fuska, ba ta da murya, ba ta da gida. Da ya shiga gidan wankan iskoki inda Chihiro ke aikatau, ya lura ma'aikata na rububin zinariya, sai ya fara fitar da ita daga tafin hannunsa. Suka yi ta kawo masa tire bayan tire, yana haɗiyewa yana kumbura, har ya haɗiye ma'aikata uku. Duk da haka bai ƙoshi ba, domin abin da yake nema shi ne kulawar Chihiro, ita kuma ta ƙi karɓar zinariyarsa. Daga baya, bayan ya amayar da komai, an gan shi a gidan tsohuwa Zeniba da ke ƙauye, zaune a tebur yana shan shayi da ɗan yankan kek cikin natsuwa, yana kuma taya ta kaɗi. Halittar ɗaya ce a wurare biyun, yadda take cin abinci ne ya nuna abin da kowane wuri ya mayar da ita.

Wani lokaci loma kan ɓoye laifi. A Death Note, lokacin da L ya sa kyamarori a ɗakin Light Yagami, ɗalibin da ake zargi da kisa, Light ya ɓoye ƙaramar talabijin a cikin ledar soyayyen dankali. Yana karatu da hannu ɗaya, ɗayan yana shiga ledar, masu sa ido suna ganin yaro mai ƙwazo yana taɓa ɗan abin marmari, alhali yana rubuta sunayen waɗanda za su mutu. A Attack on Titan na 2013 kuwa, Sasha ta saci dafaffen dankali daga madafa, ta tsaya tana ci a layin fareti a ranar farko ta horon soja. Da kwamanda ya tsare ta da ido, sai ta gutsura masa abin da ta kira rabi, ƙaramin gutsure ne. Abin dariya ne, amma yana nuna 'yar mafarauta da ta taso a lokacin da abinci ya yi ƙaranci, bayan mutane sun rasa wani babban yanki na ƙasar nomansu.

Wa ke miƙa wa wani

Inda abinci ya fi tona hali shi ne lokacin da bai isa ba, ko lokacin da aka hana bayarwa. A jarrabawar farko da malam Kakashi ya yi wa Naruto da abokan karatunsa biyu, ya ɗaure Naruto a jikin gungume, ya ba Sasuke da Sakura abincin rana, ya ce duk wanda ya sammasa ya faɗi. Cikin Naruto na ta ƙugi. Sasuke, wanda aka sani da girman kai da rashin kula kowa, shi ya fara miƙa nasa, Sakura ta biyo baya. Nan take Kakashi ya bayyana ya ce sun ci jarrabawa, domin abin da yake nema tun farko shi ne waɗanda ba za su bar ɗan'uwansu don tsoron doka ba.

One Piece, wanda Eiichiro Oda ya fara a 1997 kuma ya hau talabijin a 1999, ya gina tauraro guda a kan wannan ƙa'ida. Sanji kuku ne a Baratie, wani gidan abinci da ke kan teku. Wata rana ɗan fashin teku mai suna Gin ya shigo yunwa ta kusa kashe shi, ba shi da ko sisi, aka yi waje da shi. Sanji ya bi shi da farantin shinkafa. Ganin haka ne ya sa Luffy ya ce ya sami kukun jirginsa. Daga baya aka nuna tushen abin: Sanji yana yaro ya maƙale a kan wani dutse a tsakiyar teku na kwana 85 tare da tsohon ɗan fashi Zeff. Zeff ya ba shi ƙaramin buhu na abinci, ya riƙe babba. Da yunwa ta kai Sanji bango, ya je ya yanka babban buhun, sai ya tarar dukiya ce zalla a ciki, babu ko loma. Tsohon ya ba shi duk abincin da ke akwai. Tun daga nan Sanji ba ya zubar da abinci, ba ya hana mayunwaci ko da maƙiyi ne, kuma da ƙafa yake faɗa don kada ya raunata hannayen da yake girki da su.

Luffy kansa ya taɓa cewa ba ya son zama gwarzo, domin gwarzo raba nama yake yi, shi kuwa so yake ya cinye. Amma a ƙasar Wano, wata yarinya matalauciya mai suna Tama ta ba shi shinkafar da ta tanada don ranar haihuwarta, ita ta kwana da yunwa. Wannan kwano ɗaya ya zama daga cikin dalilan da suka sa ya shiga yaƙi da masu mulkin ƙasar, da alƙawarin cewa sai ta kai ga cin abinci ta ƙoshi.

A fina-finan kamfanin Studio Ghibli, wanda Miyazaki da Isao Takahata da Toshio Suzuki suka kafa a 1985, irin wannan bayarwa ta fi zuwa a natse. Bayan Chihiro ta ga iyayenta a garken aladu, abokinta Haku ya miƙa mata onigiri, wato dunƙulen shinkafa da ake cura wa da hannu. Ta ce ba ta jin yunwa, ta gutsura, sai hawaye suka ɓalle mata, tana ci tana kuka. Abinci ne irin wanda uwa ke ƙunsa wa yaro, kuma shi ya ba ta damar sauke abin da ta daɗe tana dannewa. Daga baya ta sami wani curin magani mai ɗaci da take fatan ya warkar da iyayenta, amma ta ba Haku rabi, ta ba Kaonashi sauran. Yarinyar da ta fara fim ɗin tana tsoron taɓa abinci ta koma mai ciyar da wasu. A My Neighbor Totoro na 1988, Satsuki ce ke tashi da safe ta shirya wa mahaifinta da ƙanwarta akwatunan abinci domin mahaifiyarsu na asibiti, ƙanwar tata Mei kuma ta rungumi masara guda ta kama hanyar asibitin ita kaɗai, da imanin cewa in uwar ta ci za ta warke.

Inuwar yunwar yaƙi

Wannan girmama loma yana da tarihi. An haifi Miyazaki a 1941. Takahata, wanda aka haifa a 1935, yana ɗan shekara tara ya tsira daga ruwan bama-bamai a birnin Okayama a 1945. A shekarar ne Japan ta sha kaye a Yaƙin Duniya na Biyu, noman shinkafa ya lalace, mutanen birane suka riƙa kai tufafinsu ƙauyuka suna musanyawa da hatsi.

Fim ɗin Takahata na Grave of the Fireflies, wanda ya fito rana ɗaya da Totoro a 1988, ya bi rayuwar Seita ɗan shekara 14 da ƙanwarsa Setsuko 'yar shekara huɗu bayan an kona birnin Kobe, mahaifiyarsu ta rasu. Gwaggon da ta karɓe su ta sa aka musanya kayan sawar uwarsu da shinkafa, sannan ta riƙa cura wa 'yarta da ɗan hayarta dunƙulen shinkafa, su kuma ta zuba musu ruwa-ruwa, tana goranta musu cewa ba sa yi wa ƙasa aikin komai. Ludayin da take rabo da shi ya faɗi halinta. Seita ma abinci ya fallasa nasa: maimakon ya haƙura, ya sayi murhu ya ware girkinsu, daga baya ya kwashi ƙanwarsa suka koma wani kogon fakewa da aka yi watsi da shi. Zuciyar da ta sa ya ƙi wulaƙanci ita ce ta raba su da rabon abincin da hukuma ke bayarwa. Gwangwanin alewar Setsuko shi ne ma'aunin labarin. Da farko yana cike, daga baya sai an zuba ruwa an girgiza a sha zaƙin da ya rage, a ƙarshe tokar gawarta aka zuba a ciki.

Irin wannan yunwa ce ta haifi jarumin da kusan kowane yaro a Japan ya sani. Takashi Yanase, wanda aka tura China a matsayin soja ya kuma ɗanɗani yunwa a can, ya fitar da littafin yara na Anpanman a 1973, aka mayar da shi shirin talabijin a 1988. Kan Anpanman burodi ne mai cike da markaɗaɗɗen jan wake mai zaƙi. In ya haɗu da mayunwaci, sai ya ɓantari kansa ya ba shi, ƙarfinsa ya ragu har sai mai gasa burodi ya yi masa sabon kai. Ra'ayin Yanase shi ne abin da ake kira gaskiya a fagen yaƙi na iya juyewa dare ɗaya, amma ciyar da mayunwaci alheri ne a ko'ina. Taliyar kofin da Naruto ke ci ma daga wancan zamani ta samo asali: Momofuku Ando, wanda ya ga dogayen layukan masu neman ramen bayan yaƙin, shi ya ƙirƙiro taliya mai saurin dahuwa a 1958, irin wadda a yau masu shayi ke dafawa a biranen Najeriya, ya kuma fitar da ta kofi a 1971.

Abin lura ga masu kallo

Dabarar tana da nata rauni. Wasu shirye-shirye kan mayar da ita gajeriyar hanya, su liƙa wa tauraro abinci guda su yi ta maimaitawa ba tare da wata ma'ana ba. Ana yawan mayar da mai ƙiba abin dariya, kamar yadda aka fara da Choji a Naruto, wanda kullum ledar dankali na hannunsa, kafin labarin ya nuna amincinsa ga abokai. Haka kuma ana yawan yin barkwanci da macen da ba ta iya girki ba. Sannan kasancewar fim zane ne ba ya nufin na yara ne: Death Note da Attack on Titan suna ɗauke da kisa da zubar da jini, Grave of the Fireflies kuma yana da nauyi ga ƙananan yara. Mai sha'awar ɗanɗana abin da ya gani ya kamata ya san cewa romon ramen a Japan sau da yawa da ƙashin alade ake yin sa.

Ga iyaye da malaman da yaransu ke kallon waɗannan fina-finai, wurin cin abinci wuri ne mai sauƙin fara hira. Ana iya tambayar yaro me ya sa Sasuke ya miƙa abincinsa alhali an hana, ko me ya sa Kaonashi bai ƙoshi ba duk da tulin abincin da ya haɗiye. Amsar da yaron zai bayar za ta nuna abin da ya fahimta a fim ɗin.